Kwalin Kaset na Ƙarƙashin Gado

Nima, ranar Talata da hantsi

Balaraba 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, har ina jin ki kina kokawa da zif ɗin akwati. Allah ya tashe ki lafiya ranar Asabar, ya sauke ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da za ki, ya tsare ki daga sanyinsu da kaɗaicinsu. Amin.

Kin san ni da ke ba ma iya doguwar magana ido da ido. Ke ce ta fari, kuma sunan kakarki aka sa miki, shi ya sa har yau da sunan ranar haihuwarki nake kiran ki. Saboda haka na ɗauki biro. Kin roƙe ni kwalin kaset ɗin biki da ke ƙarƙashin gadona, kin ce da su za ki yi aikinki na bidiyo a makarantar da ta ɗauke ki. Kin kuma ambaci na Mma Azumi musamman, wanda kike jin labarinsa tun kina yarinya ba ki taɓa gani ba. Na ce miki za mu gani, kika ɓata rai. Amsar tana ƙarshen takardar nan. Amma kada ki yi halina, ni da nake leƙa shafin ƙarshe in ga ko sun yi aure kafin in fara littafi. Ki bi ni a hankali.

Ranar da rayuwata ta juya wata Lahadi ce a Mamobi, kina 'yar firamare. Ƙanen babanki ya aiko masa da kyamarar bidiyo daga Jamus, irin mai haɗiye babban kaset, sai babanki ya rufe shagon gyaran rediyo ya ce shi yanzu mai ɗaukar biki ne. Ni kuwa lokacin ban san komai ba sai girki da 'yan littattafan soyayya da direbobin goro ke kawowa daga Kano. Kakanki Basakkwace ne ya koya mini karatun Hausa don in riƙa karanta masa wasiƙu, bai san ƙofar da ya buɗe ba. In babanki ya shigo ya ji ƙauri, ba ya faɗa. Sai ya ce, "Memuna, yau wa aka yaudara a littafin? Na ji tuwo ya shiga uku."

Ranar Lahadin nan ya ɗauki ɗaurin aure a wajen maza, da rabon goro da addu'a, sannan ya doshi ɗakin amarya da kyamara a kafaɗa. Sai ga Mma Azumi ta cika ƙofa. Ita ce alwanka, mai sa amarya a lalle, ta yi mata wanka, ta raka ta ɗakin miji. Kin dai tuna muryarta.

Ta ce, "Ina zuwa, mai rediyo?"

Ya ce, "Aiki, Mma. Ango ya ce a ɗauko masa amarya."

"Da wannan ƙaton idon? Naka biyun ma ban yarda da su ba, ka ƙaro na uku. Koma."

"Mma, inji ne fa, ba ruwansa."

"Inji ba ruwansa. Mai injin fa?"

Mata suka kwashe da dariya. Ta waiga ta hango ni a gefe na yi tagumi, ta ce, "Waccan mai mafarkin tsaye ba matarka ba ce? Ɗora mata."

Haka aka ɗora mini. Nauyinta kamar na ɗauki ɗan akuya. Babanki ya nuna mini jan maɓalli, yana ta cewa kar in yar, kar in yar, har aka rufe masa ƙofa. Na kafa ido a ɗan gilashin nan. Komai a ciki baƙi da fari ne, amma wallahi ban taɓa ganin kyan matan Zongo irin na ranar ba. Hannun lalle, zoben hanci, wata tsohuwa tana dariya ba haƙori. Na ji kamar an miƙo mini littafi an ce ni zan zaɓi inda shafi zai fara. Na fito kafaɗata ta mutu, zuciyata na rawa. Tun daga ranar, wajen maza na babanki ne, wajen mata nawa.

Littattafan nan su suka fara jefa ni a kuskure. Kin san kaset ɗin biki a wurinmu ba na masu biki kaɗai ba ne. Tun shekarar da gwamnati ta ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa, ina yarinya lokacin, kusan kowane gida a Nima rabinsa yana wani wuri: Yamai, Kano, Ibadan, Lome. Mutane har da waɗanda aka haifa a nan aka loda a manyan motoci da tabarmi da tukwane. Da bidiyo ya zo, sai kaset ya zama ɗan aike. Ana gama biki a yi kwafi a ba direba ya kai wa dangi.

To ana tsakiyar rawa, kowa ya sha yayi, atamfa iri ɗaya har ƙofar gida, kalangu na tashi, sai wata ta tsaya cak a gabana, ta gyara kallabi, ta fara magana kamar mutum na tsaye a wurin.

"Ladi! Ladi, kina gani na? Ni ce Hajara, ƙiba na yi, kar ki ce ba ni ba ce. Turminki yana nan, a ciki aka daka yajin bikin nan. Mai kanwa ya rasu bara. Ɗakinki wani Bakotokoli ne a ciki, mutumin kirki, amma ya toshe tagarki. Mangwaron da kika dasa an sare, hanya ta bi ta wurin."

Tana matsawa wata ta shigo. Ita Hajara ta yi hawaye, ta share da bakin mayafi, ta koma fili ta ci gaba da juyi. Ni kuwa raina na ɓaci. A littattafaina ba a taɓa katse shigowar amarya da zancen turmi ba. Da na koma gida na haɗa dek biyu, injin kunna kaset, na yanke duk gaishe-gaishen nan, na ɗora kiɗan Indiya a kan fitowar amarya. Na kalla na ce ai ko a sinima sai haka.

Kaset ya tafi Yamai, ya dawo a ledar da ya tafi. Direban, wani dattijo Bazabarme, ya zauna a ƙofarmu ya sha ruwa, sannan ya ce, "Hajiya Ladi na gaishe ki. Ta ce shinkafa ta yi kyau, leshi ya yi kyau. Ta ce amma ta tara duk mutanen Nima da ke Yamai a tsakar gidanta, aka aro janareta, suka zauna tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya kira sunan ko ɗayansu. Ta ce in an manta da su ne, a faɗa musu su sani."

Allah ya taimake ni babanki ba ya yar da ko ƙusa, asalin kaset ɗin yana nan. Shi muka aika. Aka ce da Hajara ta fito tana cewa ƙiba ta yi, Hajiya Ladi ta tashi tsaye tana ba talabijin amsa.

Balaraba, abin da kike ganin ya ɓata miki tsari, sau da yawa shi mutane suka zo faɗa. In tsohuwa ta fara zancen turmi da taga, kada ki duba agogo. Ba wanda zai zauna ya ce miki yau zan ba ki tarihin korar da aka yi mana. Ta turmi da taga ake faɗarsa.

Sai zancen Baba Kofur, mai kafa rumfa da jera benci a kowane biki. Kowa ya san soja ne a shekarar da ƙananan sojoji suka karɓi mulki, suka ce matan kasuwa ne ke ɓoye kaya suna jawo tsada, suka bi su da bulala. A littattafaina kowane labari da mugunsa, ni kuma na naɗa shi. Shekara da shekaru, da ya shigo cikin gilashi sai in karkatar da kyamara. Wata rana ana suna, yana ɗaure igiya, ya kira ni.

"Matar mai rediyo, zo mana. Jikata ta ce tana ganin rumfata a kowane kaset, ba ta taɓa ganina ba. Ko aljani ne ni?"

Ni da ƙuruciya na ce, "Baba, ba na ɗaukar masu dukan mata."

Bai yi fushi ba. Ya goge benci da hularsa ya zauna, ya ce, "To kunna, in faɗa."

Ya ce shi bai riƙe bulala ba, bindiga aka ba shi ya tare jama'a. Ya ce, "Ban hana ba. Ban ce uffan ba. Da yamma na ci abincina. Wannan nawa ne, da shi zan tashi. Amma ki sani, mutanen da nake tarewa ba ceto suka zo yi ba. Tafi suke, suna cewa a ƙara. Da aka fito da kayan matan aka sayar a farashin kwantirol da gwamnati ta yanka, layi har titi. Ke ba ki shiga layin ba?"

Na shiga, Balaraba, kina goye a bayana. Na samo sabulu da madara da atamfar da na ɗinka miki rigar salla. Duk layinmu mun shiga, muka dawo muna murna, don mun daɗe ba mu ga sabulu ba. Ba wani asiri ba ne, kowa ya sani. Kawai ban taɓa ajiye murnar nan kusa da bulalar nan na dube su tare ba sai ranar. Za ki ga hoton yana rawa a wurin. Za ki kuma ji shi yana cewa, "Riƙe da kyau mana, kar ki fito da ni da kai biyu."

Ba cewa nake mai layi da mai bulala laifinsu ɗaya ba. Ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya ba da umarni ya fi kowa kaya, kada ki rage masa ko kaɗan. Amma in kika ga kin kafa kyamara a inda ke da naki kaɗai kuka fito fes, ki ɗaga ta ki canza wuri. Kuma kada ki yi wa mutum hukunci da gefen gilashi kamar yadda na yi. Ki zaunar da shi ya faɗa da bakinsa.

Yanzu Mma Azumi.

Akwai ƙa'ida a ɗakin amarya da ba a rubuta ba, amma kowace mace ta san ta. Lalle a ɗauka, waƙa a ɗauka, guɗa a ɗauka. Da an shigo da ƙwaryar wanka, a kashe. Abin da alwanka za ta faɗa wa amarya daga nan na matan da ke ɗakin ne, ba ya fita.

Bikin wata yarinya ne 'yar Madina. Ita ta zaɓi mijinta, har ana tsokanar ta da rawar kai, amma Tamale za a kai ta, sai ta kama kuka na gaske, ba na al'ada ba. An shigo da ƙwarya, na sauke kyamara a cinya, yatsana a kan maɓalli. Sai na ji Mma Azumi ta ce, "Don Tamale kike wannan? Ɗago ki ga abu."

Ta juya, ta sassauta zani. Gadon bayanta duk layi-layi ne, wasu sun kwanta, wasu sun tashi kamar igiya. Ni kuma ban danna ba.

Ta ce, "Da ina da rumfar atamfa a babbar kasuwa, in na tafa hannu masu dako huɗu-huɗu ke rugowa. Suka ce na ɓoye kaya. A kan teburina suka kwantar da ni, gaban yaran da nake saya wa koko. Wanda aka ba bulalar ko gemu bai fara ba. Na ce masa, ɗana, yi a hankali kar ka gurɗe hannu, uwarka ta ce ni ce."

Mata suka yi dariya da hawaye a ido.

Ta ce, "Na daɗe ina kwana rub da ciki. Na tashi, rumfa an rushe. Na ce to, tunda an buɗe jikina a kasuwa, bari in koma inda zan riƙa rufe jikin 'ya'yan mutane. Ga ni nan, na fi kowa cin naman biki. Ke kuwa Tamale ce kawai, mota na zuwa kullum. Share fuska, kar ki kai wa yaron mutane ido kamar tumatir."

Amarya ta yi dariya, aka yi wanka, aka yi guɗa. Ni kuwa na koma gida kamar na tsinci zinariya. Ban taɓa karanta shafi mai kyan wannan ba. Kuma tun abin Yamai na riƙe cewa ba a yanke maganar tsofaffi. Kin ga yadda darasi ɗaya, in an riƙe shi da ƙarfi fiye da kima, yake haifar da wani kuskuren? Na miƙa kaset yadda yake. Dangin ango suka fito da talabijin tsakar gida, maza da samari da surukai, aka yi kwafi, ya zaga Madina ya dawo Mamobi.

Ran wata Laraba, bayan an ci kasuwa, ta shigo gidanmu. Ta zauna a kujerar babanki, ta sa na kawo mata ruwa, ta sha. Sannan ta ce, "Memuna, sojoji rana ɗaya suka tuɓe ni. Ke kin sa ana tuɓe ni kullum bayan la'asar, har a mayar baya a sake."

Na durƙusa. Babanki, Allah ya saka masa, ya bi gida-gida da ƙafa yana karɓo kwafin yana ba su wanda aka yanke. Da ya gama na aika mata ta dawo, na ajiye asalin a gabanta tare da guduma. Ta dubi guduma ta dube ni.

Ta ce, "Ke komai naki sai kin yi shi kamar fim. Rufe ƙofa ki sa mini."

Na sa. Ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa teburin talabijin. Da wurin ya zo ta ce in tsayar. Ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a gilashin ta bi layi ɗaya tun daga kafaɗa har ƙugu.

Ta ce, "Ban taɓa gani ba. Ashe na hagun ya fi tsawo. Shi ya sa can ke mini ciwo in hadari ya haɗu."

Ta ce in sake shi ya ci gaba. Da ta ji kanta tana zancen gurɗe hannu, sai ta bushe da dariya har tana dukan cinya. "Kai! Amma na iya magana!" Ta tashi ta gyara mayafi, ta tura mini kaset ɗin da ƙafa. "Kar ki fasa. Ajiye. Kar wani ya ƙara gani sai na ce."

Ba ta daina kira na biki ba. Sai dai duk lokacin da ƙwarya ta shigo, sai ta ce a gaban kowa, "Mai jan ido, an rufe?" In ɗaga mata kyamara ta duba da kanta ko jar wutar ta mutu. Haka muka yi ta yi cikin raha har bara waccan da Allah ya karɓi abarsa. Na sha zama kusa da ita a ciwonta, mun yi hirar duniya, ba ta ce a nuna ba. Ban sani ba ko mantawa ta yi, ko amsar ke nan.

Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, kyan abu ba izini ba ne. Ranar da kika ji gabanki na faɗuwa don daɗin abin da kike ɗauka, ranar ce ta fi kamata ki tsaya ki tambaya. Ki tambaya kafin ki kunna, ki sake tambaya bayan kin haɗa, kuma mai abu ya riga kowa gani, a zaune, ƙofa a rufe.

Kada ki ɗauka ban fahimci aikinki ba. Na fahimta tun ranar da muka hau mota zuwa Kumasi ganin aikinki na gama makaranta. Muka shiga ɗaki mai duhu, ga tsofaffin talabijin kin jera. Ɗaya hannuwan mata kawai suna ɗaure kaya suna kwancewa. Ɗaya bakin babbar gotar Nima, magudanar ruwan nan, ba kowa. Ɗaya fuskokin tsofaffi sun yi shiru, murya na kiran sunaye. Babanki ya raɗa mini, "Mun makara ne? Ina farkon?" Can kuma, "To wa ya ci nasara?" Na taka masa ƙafa. Ni ma da farko ina jiran jarumi ya shigo.

Sai wata tsohuwa Ba'asantiya da ke tsaye kusa da ni ta kama hannuna. Ta ce mini da Turancinta da Tuwi a cakuɗe, maƙwabciyarta ta tafi a motocin nan, ta bar mata tukunya ta ce za ta dawo, har yau tana wanke ta tana kifewa. Muka tsaya riƙe da hannun juna, ba ta san sunana ba, ban san nata ba. Da muka fito na ce mata, "'Yata ce ta yi." Sau nawa na faɗi wannan maganar ranar, har ga mai sayar da burodi a tasha. Babanki da ya ce bai gane ba, shi ya fi ni, ya tara fasinjojin motarmu yana musu bayani har Nsawam.

Don haka na san ba wasa za ki yi da Mma Azumi ba. Na san za ki sa ta a wuri mai daraja. Abin da nake tsoro daban ne. Can inda za ki, za su so ciwonmu fiye da rawarmu. Za su ce ki tsayar da hoto a kan hawayen Hajara. Kada ki yarda. Ki bar shi ya ci gaba har ta share fuska ta koma fili, don haka aka yi, kuma rawar ta fi hawayen tsawo. Mu ba mutanen da aka kora aka daka kaɗai ba ne. Mu ne kuma muka dafa shinkafar, muka ɗinka yayin, muka aurar da 'ya'yan.

Sauran ƙananan abubuwa. In kin shiga gidan mutane, ki ci abincinsu kafin ki buɗe jakar kyamara. Ki gaida tsofaffi a durƙushe ko da wando kika sa. Kada aiki ya cinye miki salla. Na sa miki yaji da kuka da daddawa a gwangwani, na naɗe da leda uku don kada su kama miki kaya. In kuma kin haɗu da wani mai hankali, ki rubuto mini dalla-dalla, inda kuka tsaya, abin da ya ce, har launin rigarsa. Kin san ni, ba na son labari a taƙaice.

Kwanakin nan da kike ganin ina fita da sassafe ina dawowa da ƙura a ƙafa, ba asibiti nake zuwa ba kamar yadda babanki ya ce miki. Trotro, motar haya, na yi ta hawa, Madina, Sabon Zongo, Mamobi, ina bin masu fuskokin da ke cikin kwalin nan. Na sha shayi har ya ishe ni. Hajara ta ce, "Turawa za su gan ni? To ki ba ta wanda na sa koren leshi. Ban da na bikin gidan mahauta, ranar haƙori ke damuna." Wata ta ce ita a'a, mijinta ba zai so ba, babanki ya riga ya cire ta. Waɗanda suka rasu, gaisuwa ce suka yi a fili don a kai nesa, 'ya'yansu sun ce a kai. Baba Kofur ya tsufa, ba ya ji sosai, sai da na yi ihu. Ya ce, "A nuna. Ki ce mata kar ta rufe mini fuska, ni na faɗa."

Daga ƙarshe na je wurin Fati, 'yar Mma Azumi, mai sayar da shinkafa da wake a bakin titin Mamobi. Ta zuba mini da taliya da ƙwai, ta ƙi sauraro sai da na ci. Na faɗa mata komai. Ta goge hannu a zani ta ce, "Anti Memuna, ɗakinta na gada da tukwanenta. Jikinta ba ya cikin abin da aka raba mana. Ta ce sai ta ce, ni ban isa in ce a madadinta ba."

Na ce haka ne. Na yunƙura zan tashi, sai ta riƙe mini mayafi.

Ta ce, "Amma ni ina wurin ranar da aka dake ta a kasuwa. Ni na tsaya riƙe da kallabinta da takalmanta har aka gama. Ba wanda ya taɓa tambaya ta. In Balaraba na so, ta zo ranar Alhamis bayan na sauke tukunya, ta ɗauke ni, fuskata a buɗe. Sai dai ki ce mata ba da sassafe ba, sai na yi kitso."

To kin ji. Ki caja batir, ki je da yunwa.

Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ya sa hannunki ya tsaya, idonki ya ga gaskiya, ya kare ki daga cutar da wani da aikinki ko da ba da niyya ba. Ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke lafiya muna raye. Ya jiƙan Mma Azumi da duk waɗanda suka gaida nasu ta cikin kyamarata ba su sake haɗuwa ba. Amin.

Kwalin naki ne, na ɗaure shi da igiya, yana bakin ƙofarki. Kaset ɗin Mma Azumi na cire shi. Yana wurina, kuma a nan zai zauna.

Mmanki,
Memuna